Tamfol da Igiya: Amanar da Ke Bin Hanyar 'Yandoto

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Funtuwa, ya ratsa Tsafe da 'Yandoton Daji, ya shiga Gusau, sa'an nan ya miƙa Bunguɗu har Sakkwato, lalle zai ga tireloli masu shimfiɗaɗɗen bodi, waɗanda ba su da bango balle rufi, suna wucewa da siminti da takin zamani da buhunan masara, alhali babu abin da ya raba wannan dukiya da ruwan sama face tamfol da igiya. Tun da jirgin ƙasa, wanda ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya ja da baya, nauyin fataucin Zamfara ya koma kan mota, amanar kayan kuwa ta koma hannun direba da yaronsa.

Rufin kaya tun daga lodi yake farawa. 'Yan dako da suka ƙware sukan jera buhuna a sarƙe, kowane sahu ya danne haɗin na ƙarƙashinsa, su kuma ɗaga tsakiya fiye da gefe, domin ruwa ya sami magangara. Gama in aka bar kwari a sama, ruwan zai kwanta har ya sami kafar shiga. Idan lodi ya kammala sai a tamke kayan da kansu tukuna, saboda aikin tamfol tsare ruwa da ƙura ne, ba riƙe nauyi ba, kuma wanda ya jahilci wannan shi ne ake ganin buhunansa warwatse a kan kwana.

A nan ne hikimar yaron mota take bayyana. In kaya sun yi tsawon da sai an haɗa tamfol biyu, na baya ake fara shimfiɗawa, sa'an nan a ɗora na gaba a kansa, ta yadda iskar da mota ke ketawa za ta bi ta bisa haɗin ta wuce. In aka juya tsarin, haɗin ya zama baki buɗe yana shan iska da ruwa, tamfol ya kumbura, ya yi ta kaɗawa har ya yage. Sai a naɗe kusurwoyin gaba a cusa, a sa tsofaffin buhuna inda ƙarfe ko katako ke da kaifi, a zarga igiya a ja ta tamau daga gefe zuwa gefe. Aiki ne na hatsari, domin yaron yana tafiya a saman kaya cikin iska, sau da yawa da dare, kuma ban ga ana ba shi ladan da ya dace da wahalarsa ba.

Hasarar sakaci ba kaɗan ba ce. Tirela takan ɗauki buhu 600 na siminti, wanda in ruwa ya taɓa shi ya daskare, babu sauran magani. Hatsi kuwa ta fuska biyu yake cutuwa: ruwan marka daga waje, da gumin kansa daga ciki, domin masara ko gyaɗar da ba ta gama bushewa ba, in aka lulluɓe ta cikin zafi, sai ta yi fumfuna mai dafi ga hanta.

'Yandoto tsohon gari ne na malamai tun kafin jihadi, kuma fiƙihun Malikiyya da aka karantar a zaurukansa bai bar wannan mas'ala ba. Malamai sun yi ittifaƙi cewa wanda aka yi ijara da shi don ɗaukar kaya, in ya yi sakaci suka lalace, lamuni yana kansa. Game da abinci kuwa Malikiyya sun ƙara tsanantawa, ba su karɓar da'awarsa ta halakar kaya sai da shaida.

Igiya takan saki bayan mota ta yi 'yar tafiya kaya sun zauna, saboda haka wajibi ne a tsaya a sake ja. Amma a wannan zamani da 'yan bindiga suka addabi hanyar Gusau zuwa Funtuwa, babu mai hankalin da zai so tsayawa a daji don gyaran tamfol. Ya ku direbobi da masu kaya, ku duba rufinku tun a tasha, ku sake dubawa a cikin gari, kada ku yi wa yaron mota gaggawa.