Yadda Na Tsofar da 'Yar Shekara Huɗu

Dare uku na yi a kan zanen nan. Bayan sallar isha'i nake zama, in jingina waya da gorar ruwa, in jawo fitila mai caji, ba na tashi sai idona ya fara yaji. Hoton 'yar yayata nake kwaikwaya, wanda aka ɗauke ta ranar ƙaramar Sallah, ta sha atamfa da ɗankwali ɗaurin manya, shekararta huɗu. Kafin nan na zana mutum bakwai ko takwas, duk manya, kuma babu wanda aka kasa ganewa. Shi ya sa na jira ranar Juma'a da gida ya cika, na ɗauki takardar na nufi ɗakin Hajiya ina shirin karɓar yabo.

Hajiya ta sa tabarau, ta nesanta takardar, ta sake matso da ita.

"Auta, ina ka samo hoton yayarka na amarci?"

"Hajiya, ku ƙara dubawa dai. Kishiyarku ce fa."

"Wannan ɗin? Ai wannan ta yi haihuwa biyu."

Yaya ta karɓa, ta yi shiru, can ta ce wallahi ita ce, har irin kallon da take yi idan an ɓata mata rai. Mai hoton ta ɗage ƙafa ta leƙa, ta yanke hukunci da yatsa: "Kawu ya zana Umma."

Da zanen bai yi kama da kowa ba, da na ce hannuna ne bai faɗa ba tukuna, in ƙara ƙoƙari. Amma ya yi kama da wata, kama ta sosai, alhali ko sau ɗaya ban kalli hotonta ba a daren ukun nan. Ta ina Yaya ta shigo takardata?

Fensir na fara tuhuma. Tun 2019, da labarin Eli Waduba ya bazu, matashin nan na Kaduna da ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart har shi Hart ɗin ya ga zanen a Twitter ya ce zai saya, na ƙulla a raina cewa sirrin masu irin wannan aiki yana cikin kayan aikinsu. Ni kuwa da HB na 'yan firamare nake fama, wanda ake sayarwa a shagon unguwa. Na shiga kasuwa na sayo jeri guda: 2H, HB, 2B, 4B da 6B. A nan na san cewa bakin fensir haɗi ne na girafait da yumɓu, dabarar da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da ita a 1795. Idan yumɓun ya yi yawa sai fensir ya yi tauri, rubutunsa ya yi fari-fari, shi ne H. Idan girafait ya rinjaya sai ya yi laushi da baƙi, shi ne B. Kuɗin bai tafi a banza ba. Fatar irin tamu ba ta fita da HB, sai an bi ta shimfiɗa a kan shimfiɗa da 2B da 4B, kuma wanda ya danna 6B da ƙarfi don ya gama da wuri zai ga wurin yana ƙyalli kamar bayan cokali. Zane na biyu ya fito da fata mai kyau, da hasken goshi, da duhun ƙasan haɓa. Yaya ce dai, ta ƙara kyau. Ashe na bar jaki ina dukan taiki.

Sai na ajiye zanen kusa da wayar na fara ƙidaya. A takardata akwai layi daga gefen hanci zuwa gefen baki, dama da hagu. Akwai biyu a ƙarƙashin ido. Leɓɓan na zagaye su tsaf kamar wadda ta sa jan baki. Da na buɗa hoton wayar har ya fara dishi-dishi, ban samu layi ko ɗaya a waɗannan wurare ba. Inuwa ce kawai, mai farawa a hankali ta ɓace a hankali, kamar hayaƙin turaren wuta. Hannuna ne ya saba da fuskokin manya, inda shekaru suka riga suka yi huda, yake ja ba tare da ya tambaye ni ba. Na sa kilina na ɗauke layukan, na murje wuraren da auduga, na bar gefen leɓen ƙasa ya narke cikin fata. Wannan ya zama zane na uku.

"To, yanzu ta koma budurwa," in ji Hajiya. "Kamar shekarar da ta gama sakandare."

Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ta zata. Daga talatin an sauko sha bakwai, ke nan shekarun ana iya taɓa su da fensir. Saura sha uku, ban san inda suka ɓuya ba.

Kowa ya san yara manyan ido gare su, don haka a zane na huɗu na buɗa idanun. Ba zan tsaya a kansa ba. Garin gyaran gira na rasa ido: abin da ya fito 'yartsana ce mai fuskar babbar mace, kuma mai hoton da ta gani sai ta ɓuya bayan zanin uwarta. Wani kawunmu da ke wajen ya ce wannan ishara ce in bar zanen mai rai. Maganar malamai a kan haka sananniya ce, ba kuma ita ta zaunar da ni rubutu yau ba. Na dai tura takardun ƙarƙashin katifa, na yi mako biyu ban fiƙe fensir ba.

Wata Asabar da hantsi na shigo gida na tarar ana yi wa yarinyar kitso a tsakar gida. Tana zaune tsakanin ƙafafun mai kitso, an karkatar da kanta gefe a kan gwiwa, tana shessheƙa, hannunta riƙe da biskit ɗin lallashi da ya jiƙe da hawaye. Mai kitso ta tsaga da kibiya tun daga goshi har ƙeya, ta lakato mai da yatsa ta bi tsagar. Na tsaya ina bin kibiyar nan da ido, na ga tafiyar ba ta ƙarewa. Goshin ya turo gaba, kan ya hau sama ya yi tudu, ya gangara baya ya yi ƙeya mai faɗi, duk a kan wani siririn wuya da kamar ba zai iya ɗauka ba. Ido da hanci da baki kuwa sun taru can ƙasa wuri guda, tafin hannuna ɗaya zai rufe su. Shekara huɗu ina ganin yarinyar nan kullum, ban taɓa ganin girman kanta ba. A hoton Sallah ɗankwali ya rufe shi, ni kuma na ɗauki tudun nan duka a matsayin ɗauri, na rage shi don kada ya cinye takarda.

Da yamma na kwashi zanukan na kai wa wani abokina da ya karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Bai ce komai ba, ya kifa na ukun, haɓa a sama, ya kifa wayar ita ma. Ya ce dabarar Betty Edwards ce, a littafinta na 1979, Drawing on the Right Side of the Brain: idan fuska ta juye, ƙwaƙwalwa takan daina cewa "ga ido, ga hanci," sai ta koma ganin tsawo da faɗi. Nan take na ga goshin hoton ya kusa ninka nawa.

"Malam, ka auna kuwa?"

Na ce ido ai ya san kima.

"Ya sani, amma ba mudu ba ne. Ɗauko rula."

Muka buga hoton a takarda, muka manna shi a gilashin taga, muka ɗora farar takarda a kai, muka ɗiga alama a tsakar kai, da ido, da ƙasan hanci, da haɓa. Sai muka ja layi a daidai rabin kan. A hoton, layin ya ratsa ta wajen girarta, idanun suna ƙasa da shi. A zanena idanun suna saman layin. Ya jawo littafin Andrew Loomis, Drawing the Head and Hands, na 1956, ya nuna min: babban mutum idonsa yana daidai rabin kai, jariri kuwa girarsa ce a rabin, sauran yara suna tsakani, ido yana hawa a hankali da shekaru. Ni na wuce ma na manyan, saboda cutar da ke kama kusan duk mai koyo, ta yanke saman kai. Hankalinmu yana kan ido da baki, su muke kallo idan ana magana, sai mu ba su fili mu hana goshi.

Dalilin kuwa a halitta yake. Kan ɗan Adam ba ya girma gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce ke yin gaba, kafin yaro ya cika shekara shida ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta, ƙoƙon kai kuma dole ya buɗa mata. Ƙasan fuska shi ke jira. Muƙamuƙin da ke ɗauke da haƙoran yarinta 20 bai buƙatar tsawon wanda zai ɗauki 32, sai an yi famfara, turame sun fito, sannan haɓa ta sauka, karan hanci ya tashi, fuska ta miƙe. Shi ya sa kan jariri yake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, na babba kuwa ɗaya cikin bakwai da rabi ko takwas. A nan na gane kuskuren 'yartsanata ma. Baƙin ido yana da faɗin kusan milimita 10 ranar haihuwa, na babba kusan 12, kuma yakan kai hakan tun wajen shekara biyu. Baƙin ido na manya ne a cikin ƙaramar taga, farin kaɗan ne yake leƙowa. Ni na faɗaɗa tagar, na cika ta da fari.

Sai Yaya ta fito fili. Yarinyar ta ɗauko girar uwarta, da yankan idonta, da tudun leɓenta na sama, kuma waɗannan na kwafe su daidai, don a kansu na ƙare daren ukun. Abin da ban kwafa ba shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Na ɗauki kayan fuskar 'ya na jera su a ma'aunin babbar mace, na ƙara mata tsawon hanci da haɓa, na rage goshi. Wadda ke da waɗannan kayan a wannan ma'auni mutum ɗaya ce a duniya, kuma a gidanmu take.

Zane na biyar da rula na fara shi, ban taɓa ido ba sai da na kafa ƙoƙon kai. Na sauke idanun ƙasa da rabi, na bar tazara mai ɗan faɗi a tsakaninsu, na cika su da baƙi. Karan hanci ban ja shi ba sam, ɗan tudun ƙarshensa da ƙofofin kawai na nuna. Girar da 2H na shafa ta sama-sama. Na matso da baki kusa da hanci, na gajarta haɓa, na cika kumatun har suka ɓoye muƙamuƙi, na sirance wuya. Mafi wuya shi ne ɗaga hannu: sau da yawa fensir yakan nufi gefen hanci da kansa, sai na janye shi. Rabin fuskar kusan ban sa mata komai ba ban da inuwa mai laushi.

Hajiya ba ta ko nemi tabarau ba.

"Kai, ga kishiyata! Ji goshi kamar na kakanta."

Na farkon kuwa Yaya ta hana ni yagawa. Ta kai an sa masa gilashi, yana rataye a falonta, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai ta yaba yadda na kama ta.