Sai Ƙafa Ta Taɓa Ruwa

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Joshuwa, sura 3.

Kowace shekara in an kai amfanin gona gida, samarinmu daga ƙauyukan Gwarzo da Kabo sukan ɗaure kaya, su hau motar Kano, su tafi cin rani. Wani makaranta ce ta kira shi, wata kuma aure ne zai kai ta garin da ba ta san kowa ba. Mu iyaye mukan tsaya a bakin titi, zuciya tana tambaya: wa zai karɓe shi? A wace ikilisiya zai yi sujada? Zai dawo da bangaskiyarsa kuwa?

Isra'ilawa ma sun sha irin wannan fargaba. Bayan shekara 40 a jeji suka iso bakin Kogin Urdun. Musa ya rasu, kogin kuwa ya cika ya batse, gama lokacin girbi ne. Shugabanninsu ba su ɓoye musu ba cewa hanyar baƙuwa ce gare su. Bari mu lura da abu biyu.

Na fari, Allah bai zana musu hanyar duka ba. Ya dai umarce su su bi akwatin alkawari, su bar ratar wajen kamu 2,000, domin kowa ya hango inda aka nufa. Ba su san hanya ba, amma sun san Wanda yake gaba.

Na biyu, ruwan bai tsaya ba tun suna zaune a zango. Sai da ƙafafun firistoci suka taɓa ruwan, sa'an nan ya yanke, jama'a suka haye a kan sandararriyar ƙasa. Manominmu ya san wannan. Yakan fito da irin gero daga rumbu ya binne bayan ruwan shuka, alhali ba wanda ya yi masa alkawarin yadda damina za ta ƙare.

Tarihinmu ma shaida ne. A 1900 Bishop Tugwell da abokansa, har da likita Walter Miller, suka iso Kano. Ba a yarda su zauna ba, suka juya zuwa Girku. A ganin mutum, tafiyar ta lalace. Amma a 1905 Miller ya zauna a Zariya, ya duƙufa kan fassara tare da waɗansu, har a 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ran da suka fita daga Kano ba su hango mu ba, amma ga mu yau muna karanta Maganar Allah da harshenmu.

Dogara ga Allah ba ganganci ba ne. Joshuwa ya ce wa jama'a su tsarkake kansu tun kafin su tashi. Kai mai shirin tafiya, ka shirya da wanda kuka ɓata, ka ɗauki Littafinka, ka tambayi fasto inda za ka sami 'yan'uwa. Ka kuma tuna, a hayin kogin garun Yariko yana jiransu. Ubangiji bai ce babu wahala ba, ya ce yana tare da mu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu, ga 'ya'yanmu a hannunka. Ka shige gabansu, ka ba mu zuciyar da za ta sake su cikin salama. A cikin sunan Yesu, Amin.