Gandu, Riƙo da Saki: Yadda Tsarin Gidan Bahaushe Ke Shafar Manya da Yara

A wurin ɗaurin aure a ƙasar Hausa, ango da amarya ba su da bakin magana. Waliyyin amarya ne ke bayarwa, wakilin ango ya karɓa, a faɗi sadaki a gaban shaidu, a yi fatiha, a raba goro. Dangi biyu ne ke ƙulla zumunci, kuma duk ɗan da Allah ya kawo a wannan aure na dangi ne gaba ɗaya. Kakanninmu sun tsara gida ta yadda cin yaro da shansa da tarbiyyarsa ba su rataya ga wuyan miji da mata su kaɗai ba. Idan aure ya yi daɗi, madalla. Idan ya mutu, akwai hannayen da za su tare abin da ya faɗo.

Gidan gandu

Ginshiƙin wannan tsari a karkara shi ne gandu. Maigida da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gona ɗaya, suna zuba amfani a rumbu ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya. Kowane magidanci yana da sashensa a cikin gida, amma zaure ɗaya ne. Ɗa yana ba gandu ƙarfinsa daga safe zuwa azahar, da yamma kuma ya wuce gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne. Shi kuwa maigida, a kansa ciyarwa take, da sayen garma da fartanya, da ragon suna, da yi wa ɗa auren fari, da biyan haraji a zamanin da ake biya, kafin gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna su soke shi bayan hawansu mulki a 1979.

Amfanin wannan ga lafiyar iyali a fili yake. Magidanci ya kwanta ciwo a tsakiyar damina, gonarsa ba ta zama saura, 'ya'yansa ba sa kwana da yunwa. Tsoho ya gaza, yana nan a zaurensa ana kawo masa tuwo ana neman shawararsa. Yaro kuma yana tashi a gaban baffanni da kakanni, kowa na iya tsawata masa.

Sai dai gandu ba kowa ke iya riƙe shi ba. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi nazarin garin Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa manoma masu ƙarfi su ne suka fi iya riƙe 'ya'yansu a gandu. Ɗan talaka yakan fita ƙwadago ko cin rani, kuma da zarar uba ya rasu, gandun 'yan'uwa bai cika daɗewa ba. Mata ma suna da nasu ƙorafin: zama da faccaloli da uwar miji a tsakar gida ɗaya yana buƙatar haƙuri mai yawa.

Haihuwa, yaye da riƙo

Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Can za ta haihu, can za ta yi wankan jego na kwana 40 a hannun uwarta ko wata tsohuwa, ana dafa mata ruwan zafi da ganye, ana ba ta kunun kanwa da farfesu. Hikimar abin ita ce yarinyar da ba ta san reno ba ta sami hutu da mai koya mata. Amma al'adar tana da nata lahani idan aka wuce kima. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da shan kanwa fiye da kima da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, uba ma haka. Wanda bai san al'adar ba zai ɗauka rashin ƙauna ne, alhali gurbin da iyaye suka bari kakanni ne ke cike shi. Kaka tana kiran jikanta "mijina" ko "maigidana", ta kira jikanyarta "kishiyata", ana tsokana ana dariya. Abin da yaro ba zai iya faɗa wa uwarsa ba, a ɗakin kakarsa yake faɗa.

Idan yaro ya kusa shekara biyu sai a kai shi yaye, galibi wurin kaka ko gwaggo, kuma sau da yawa daga yaye sai riƙo. Akan ba matar da ba ta haihu ba ɗa don ya ɗebe mata kewa, a ba tsohuwa jika don aike, a ba amarya ƙanwa don ta taya ta zama. Baba ta garin Karo a ƙasar Zazzau, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi aure sau huɗu ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta zauna ɗaki ba ɗa ba, domin dangi sun ba ta riƙo. Ta wannan hanya rashin haihuwa bai mayar da mace abar tausayi ba, maraici kuma bai jefa yaro a titi ba.

Riƙo iri biyu ne, kowa ya sani. Akwai wanda uwar riƙo ke fifita ɗan riƙo a kan na cikinta, ta aurar da shi da hannunta. Akwai kuma wanda yarinya ke zama 'yar aiki ba albashi: ita ce wanke-wanke, ita ce ɗibar ruwa, ita ce talla, 'ya'yan gida suna makaranta.

Zaman kishi

Musulunci ya yarda da mace har huɗu bisa sharaɗin adalci, al'ada kuma ta shimfiɗa yadda za a zauna. Uwargida tana da girmanta, amarya budurwa tana da kwana bakwai, bazawara kwana uku, daga nan a shiga rabon girki, galibi kwana biyu-biyu. A gidan da maigida ya tsaya tsakani da Allah, kishiyoyi kan sauƙaƙa wa juna: wadda ba ta da girki ta sami sararin yin sana'arta, wata ta haihu wata ta riƙe mata yara.

Inda adalci ya kau, sai a sami mowa da bora, kuma yara ne ke fara ganewa. Ɗan bora ya san ɗinkin sallarsa ne ke zuwa ƙarshe, ya san kuɗin makarantarsa ne ake cewa a dakata. Daga nan 'yan'ubanci ke tsiro, ya girma tare da yara, ya fashe ranar rabon gado. Ita ma borar tana biya da lafiyarta, domin baƙin cikin da ake haɗiyewa shekara da shekaru da sunan haƙuri ba ya barin jiki lafiya.

Yaji, saki da zawarci

Al'ada ta ba mace hanyar nuna ɓacin rai ba tare da aure ya mutu ba. Ta yi yaji zuwa gidan iyayenta, miji ya aiko biko, manya su zauna su ji ta bakin kowa, a ja kunnen mai laifi. Idan abin ya ƙi, sai saki, sai idda, sai zawarci. Bahaushe bai ɗauki zawarci abin kunya na har abada ba, bazawara takan sake aure, wani lokaci ma da wanda ta zaɓa da kanta.

Matsalar tana wurin yara. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, uba yana ciyarwa. Idan uwa ta sake aure, haƙƙin yakan koma ga kakar yaro ta wajen uwa. Amma a aikace, gidaje da yawa suna karɓe yaro da zarar an yaye shi, a ce ɗa na ubansa ne. Sai yaro ya tashi a hannun matar uba, ko ya bi uwarsa ya zama agola a gidan wani, ko a tura shi almajirci tun bai iya wanke rigarsa ba. Wani uban kuma sai ya bar wa uwa yaran ya ɗauke ƙafa. Irin wannan hali Balaraba Ramat Yakubu ta zana a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda miji ya kori matarsa da 'ya'ya tara don ya faranta wa sabuwar amarya.

Zaman dadiro

Zaman namiji da mace ba aure, wanda ya zama ruwan dare a Turai da Amurka, addini ya haramta shi, al'adar Hausa ma ba ta ba shi gurbi ba. Inda ake samunsa shi ne bariki, nesa da idon dangi. Macen ba ta da sadaki, ba ta da gado, ba ta da waliyyin da zai bi mata haƙƙi ranar da aka ce ta fita. Yaron da aka haifa a irin wannan zama ba a jingina shi ga uban, ba ya gadonsa, kuma jama'a na yi masa gori kan laifin da ba shi ya aikata ba, har ranar da zai nemi aure.

Abin da ya sauya

Yau gonaki sun tsattsage saboda rabon gado, matasa sun kwarara birni. Ma'aurata suna zaune a ɗaki ɗaya na gidan haya, ba rumbu, ba kaka, kullum sai an auno. Amma saurin saki da ƙaro aure suna nan yadda suke, alhali gandun da ke ɗaukar nauyinsu ya watse. An cire murhu an bar tukunya a kan iska. A da yaron da auren iyayensa ya mutu yana faɗawa hannun mutum goma, yanzu yakan faɗa hannun tsohuwa ɗaya da ita ma ciyar da ita ake yi. Tsadar lefe da kayan ɗaki da gara kuma ta sa uwa ta ɗora wa 'yarta tallar da ke raba ta da aji.

Hukumomi sun ga alamar. A 2012 gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa ta hannun hukumar Hisbah, a watan Oktoba na 2023 kuma ta ɗaura wa mutum 1,800 da matansu aure a lokaci guda. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi kira da a kafa dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da halin ciyarwa ƙara aure, maganar da ta tayar da ƙura. A 2024 jihar ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin jini don kauce wa haifar masu cutar sikila, abin da ya shafi auren zumunci ƙwarai.

Duk waɗannan suna da amfani, amma ɗaura aure ya fi riƙe shi sauƙi. Gandu ba zai dawo yadda yake ba, sai dai nauyin da yake ɗauka yana nan, kuma dole wani ya ɗauka. Waliyyi ya binciki halin mai nema da sana'arsa kafin ya bayar. Limamai su karantar da haƙƙin ciyarwa da reno kamar yadda suke karantar da falalar aure. Alƙalai su tilasta wa uban da ya saki uwa ya ci gaba da ciyar da 'ya'yansa. Baffa da kawu da gwaggo kuma su riƙa leƙa yaran 'yan'uwansu da aure ya rabu, su tambayi me suka ci, wace makaranta suke zuwa.