Lambar da ke ƙarewa da wadda ba ta ƙarewa

Duk shekara idan jarrabawar BEPC ta matso, akwai tambaya guda da ke kayar da ɗalibai a kwalejojin Ƙonni, Malbaza da Illela: wace lamba ce rasiyonel, wace ce irasiyonel? Alhali amsar tana nan cikin kasuwa da wurin gini.

Lamba rasiyonel ita ce wadda za a iya rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba. Ku dubi masu canjin kuɗi na Ƙonni: tun 1999 Yuro guda yana daidai da sefa 655,957, wato 655957 bisa 1000. Haka idan ƴan dako uku a kasuwar albasa ta Galmi suka raba jika guda, kowa zai samu 333,333… Ba ta ƙarewa, amma 3 ce ke ta maimaituwa, don haka ita ma rasiyonel ce. Ƙa'idar ke nan: abin da ke bayan waƙafi ko ya tsaya, ko ya riƙa maimaita kansa.

To, ina irasiyonel? Ta ƙi tsayawa, ta kuma ƙi maimaituwa. Magini ya shata ɗaki mai mita 1 kowane gefe, ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa: tsawonta √2 ne, 1,41421… Girkawa sun gano tun kafin haihuwar Annabi Isa cewa babu kason da zai ba da ita daidai. Malaman lissafi na Larabawa sun kira irin wannan lamba asamm, wato kurma. Haka kewayen rumbu idan aka raba shi da faɗinsa yana ba da π, wadda Lambert ya tabbatar a 1761 cewa irasiyonel ce.

Tarko biyu ne ke kama yara. Na farko, su ce π ita ce 22/7. A'a, 22/7 tana ba da 3,142857 mai maimaituwa, π kuwa 3,14159… ce. Kusa suke kawai. Na biyu, da sun ga alamar √ sai su ce irasiyonel. Amma √25 ai 5 ce cif, ita ce magina ke samu da awon 3, 4, 5 wajen daidaita kusurwar gini.

Kada ɗalibi ya dogara da na'urar lissafi, domin tana yanke lamba inda allonta ya cika. Ya tambayi kansa: shin ana iya mayar da wannan lamba kaso?