Dalar 1780 Ba Ta Kai Shekarun Da Ake Ba Ta Ba

A majalisun Inkil, bakin hanyar Gombe, zancen yakan taso lokaci-lokaci: wai duk wanda ya gaji tsohuwar dalar azurfa mai hoton mace ya warke, domin an rubuta 1780 a jikinta. Sai ka ga magidanci ya kwance ƙullin tsumman kakarsa, yana lissafin miliyoyi.

Matar ita ce Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Mayafin da ke kanta na takaba ne, domin mijinta ya riga ta rasuwa tun 1765. A bayan kuɗin akwai gaggafa mai kai biyu. A gefensa kuma an zagaya da rubutu, don kada mai wayo ya kankare azurfar ba a gane ba. Ƙananan haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton na jami'ai biyu ne na gidan buga kuɗi na Gunzbug, garin da yau yake cikin Jamus.

Fataken Sahara ne suka kawo dalar ƙasar nan ta hanyar Tarabulus da Borno. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, dala ɗaya tana daidai da wuri 2,500.

Ga inda ake tafka kuskuren. 'Yan kasuwar Larabawa da Habasha sun ƙi karɓar kowace dala sai mai wannan kama, don haka aka ci gaba da buga ta ba tare da an taɓa shekarar ba. An buga a Roma, Landan, Paris da Bombay, kuma Biyana, babban birnin Ostiriya, tana bugawa har gobe. Adadin ya haura miliyan 300. Shekarar nan tamkar tsagar gado ce: jika na ɗauke da irin ta kaka, amma ba sa'arta ba ce.

Darajar mafi yawansu ta azurfa ce kawai: nauyin giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Da hukumomin adana kayan tarihi suna fitowa rediyo da irin wannan bayani, da 'yan damfara ba su samu kasuwa ba, da kuma maƙeran farfaru ba su narkar da na asalin sun yi awarwaro ba.

Wanda ke da ita ya kai a auna masa kafin ya saurari kowane dillali.