Yadda Muka Ɗora Inji A Kan Ƙarfensa

A hutun da ya wuce na bar Horo Birni zuwa Boɗinga, wurin kawuna bakanike. Na tarar za su yi wa injin wata tsohuwar Peugeot 504 garambawul, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna.

Muka tsiyaye baƙin mai da ruwa, muka kwance giyabos, muka ɗaga injin da sarƙa. A ramukan da giyabos ya bari ake ɗaure hannuwa huɗu na ƙarfen da zai riƙe shi. To, injin 504 a karkace yake, sai an nemo tsakiyar nauyinsa. Ni kuwa na yi gaggawar sassauta sarƙa, ya wuntsila, saura ƙiris ya murƙushe mini yatsu. Kawu ya harare ni, muka sake ɗauri.