Kashin barewa ma shaida ne: yadda ake ƙidayar namun daji ba sai an gan su ba

Jama'ar Ɗan Barto da Matameye, da 'yan uwanmu mazauna Kano, Legas da sauran wurare, dattawanmu na ba da labarin zamanin da ake cin karo da barewa a bayan gari. Yau gonaki sun cinye dajin. Mafi yawan abin da ya rage a jihar Damagaram yana can arewa, wajen dutsen Tarmit, cikin gandun Tarmit da Tin Tumma da gwamnati ta keɓe a 2012. A nan ake samun mena, babbar barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu ke amsa sunanta.

To, yaya ake sanin nawa suka rage, alhali barewa ba ta tsayawa a ƙirga ta? Hanya ɗaya ita ce bin kashinta. Masu bincike na shata layi miƙaƙƙe, su bi shi a ƙafa suna ƙirga kowane tsibin kashi. Wani lokaci sukan share fili, su dawo bayan wasu kwanaki su ga sabon da aka yi. In an san sau nawa dabba ke kashi a rana, sai lissafi ya ba da kimanin yawansu.

Kashin na faɗin fiye da haka. Inda ya yi yawa, nan suke kiwo ko shan inuwa. Manya da ƙanana a haɗe alama ce ta garke mai 'ya'ya. Tsibin da ake ta ƙara wa sabo kuwa, galibi namiji ne ke shata iyakarsa. Har ɗakin gwaji ake kai shi: binciken da aka wallafa a 2014 ya yi amfani da kashin mena na Nijar da Cadi don gano dangantakar garkunan da suka rage.

Amma fa akwai tarko. Da damina buzuzu da ruwan sama kan kawar da kashin da wuri, da rani kuwa ya daɗe. Kuma yana kama da na akuya, shi ya sa idon makiyayi ke da daraja a wannan aiki.

Garkunan sun ƙaranta sosai, don haka kowace ɗaya abin ƙirgawa ce. In an kawo mana ɗan barewa ko namanta a kasuwa ko bakin iyaka, kada mu saya. Mu sanar da ma'aikatan gandun daji.